Tarar fashin makaranta a Ingila: abin da muka bi ta ciki bayan rasuwar mahaifina

Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwanmu da suka taho Ingila da iyali a 'yan shekarun nan, musamman masu aikin jinya da kula da tsofaffi irina, da ɗaliban da suka zo da yara. A gida idan aka yi rasuwa ko biki ya taso, uwa takan aika wa malamin aji saƙo, ko ma a bari sai an dawo a yi bayani, magana ta wuce. A nan zuwan yaro makaranta nauyi ne da doka ta ɗora a wuyan iyaye. Yana da fom, yana da wa'adi, yana da tara, kuma idan aka yi sakaci kotu ce ƙarshensa. Mu mun bi ta cikin lamarin tun daga kiran waya na farko har zuwa biyan kuɗi a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, kuma yawancin abin da zan faɗa a tsaye a bakin tagar ofis na koye shi, zuciyata cike da jimami. Ba na son wata ta koye shi a irin wannan hali.

Muna zaune a wani gari a arewacin Ingila, ni da maigidana da yara uku. Babban namiji ne ɗan shekara tara, mai bi masa mace 'yar shekara shida, dukansu a firamaren gwamnati ɗaya, sai auta 'yar shekara uku da ke zuwa nazire. A makon farko na watan Satumba 2024 yara suka dawo da takarda a jaka, makaranta tana sanar da cewa tun daga 19 ga Agusta an sauya dokar tara a duk faɗin Ingila. A da fam 60 ce, ta koma fam 80 idan aka biya cikin kwana 21, fam 160 idan aka wuce haka har zuwa kwana 28. Na karanta, na manna ta a jikin firij, don a lokacin ba mu da niyyar zuwa ko'ina.

Abu na farko da ya haɗa ni da ofishin makaranta ƙarambau ne. A watan Oktoba 'yata ta tashi da zazzaɓi da ƙuraje a bayanta, na kwana a kanta, da safe kuma hankalina yana wajen neman wadda za ta karɓe ni a wurin aiki. Wajen ƙarfe tara da rabi saƙo ya shigo wayata cewa ba a ga yarinya a aji ba, a kira ofis. Ban kai ga kira ba su suka kira ni, da ban ɗauka ba suka kira babanta. Daga baya matar ofis ta bayyana mini cewa haka tsarin yake: duk yaron da ba a gani ba kuma ba a ji daga iyayensa ba, a ranar ake bin sawunsa, idan wayoyin da aka bayar duk ba su shiga ba ana iya turo ma'aikaci har gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da farko abin ya yi mini nauyi, na ji kamar ana tuhumata. Amma da na zauna na yi tunanin yaron da ya fita daga gida bai isa makaranta ba, ko uwar da ta faɗi a ɗaki ba kowa sai ƙananan yara, sai na gane kiran nan yana da amfani, kuma har yau ina ganin yana cikin abubuwa masu kyau a tsarinsu. Ka'idar makarantarmu ita ce a kira kafin ƙarfe tara, ko a tura saƙo ta manhajarsu, kuma a sake yin haka kowace safiya har yaro ya koma. Ba su nemi takardar likita ba. Sun dai ce ta zauna a gida har ƙurajen su bushe gaba ɗaya, kamar yadda hukumar lafiya ta NHS ta tanada, abin da kan ɗauki kamar kwana biyar daga fitowarsu. A nan ne kuma na ji cewa yaron da ya yi amai ko gudawa sai ya cika awa 48 da tsayawar ciwon kafin ya koma.

Bayan hutun tsakiyar zango sai ga wasiƙa mai ɗauke da sunan 'yata, wai zuwanta makaranta ya faɗi ƙasa da kashi 90 cikin ɗari. Raina ya ɓaci, don su da kansu suka ce kada ta zo. Na je ofis da takardar a hannu. Matar ta jawo kujera ta zaunar da ni ta yi mini lissafin da ya kamata kowane uba da uwa su sani. Shekarar karatu kwana 190 ce ga yara, kuma kowace rana ana kiran suna sau biyu, da safe da kuma bayan abincin rana, wato zama 380 ke nan. Fashin yini ɗaya zama biyu ne. Duk yaron da ya rasa kashi 10 cikin ɗari na zaman da ya kamata ya halarta, ko da izini ko babu, gwamnati tana lissafa shi cikin masu yawan fashi, kuma a shekara wannan kwana 19 ne kacal. A farkon shekara, da yake kwanakin da aka yi ba su da yawa, mako guda na ciwo ya isa ya ja yaro ƙasa. Ta ce kwamfuta ce ke fitar da sunayen, wasiƙar ba ta tara ba ce, kuma ranakun 'yata duk an sa musu harafin I, wanda ke nufin rashin lafiya da makaranta ta amince da shi. A ranar na fara fahimtar cewa komai a wannan harka yana rataye ne a kan harafin da aka rubuta a rajista. Akwai haruffan da ke nuna an ba da izini, akwai waɗanda ke nuna ba a bayar ba, kuma na biyun ne kawai ke kai mutum ga tara.

A tsakiyar Nuwamba, da sassafe, yayana ya kira daga Katsina. Ina jin muryarsa na san ba lafiya. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Allah Ya yi wa Baba rasuwa bayan sallar asuba." Kafin azahar an yi jana'iza an kai shi makwancinsa, ni kuwa ina zaune a kicin riƙe da waya ina sauraron hayaniyar gidanmu daga nesa. Babu tantama a raina cewa zan tafi. Tambayar ita ce yara. Ba mu da wanda za mu bar wa yara uku a nan, maigidana kuma Baba ne ya riƙe shi kamar ɗa tun kafin aurenmu, ba zai iya zama ba. Muka yanke shawarar tafiya gaba ɗaya. Wata maƙwabciyata 'yar Zariya da ta fi mu daɗewa a ƙasar ta zo yi mini gaisuwa, tana shirin fita ta juyo ta ce, "Maman yara, kafin ku taka jirgi ki je makaranta ki cike fom. Ko kina kuka ki je." Allah Ya saka mata da alheri, wannan shawarar ce ta rage mana rabin wahala.

Washegari na je ofis na karɓi fom ɗin neman izinin fashi. Shafi ɗaya ne gaba da baya: sunan yaro da ajinsa, ranar tafiya, ranar dawowa, dalili, adireshin inda za a sauka da lambar da za a same mu, sai wurin sa hannun iyaye biyu. Kowane yaro da nasa. A sama an rubuta cewa a miƙa shi makonni kafin tafiya, amma matar ta ce a lamarin rasuwa suna karɓa ko da kwana ɗaya ne ya rage, abin da ba za su iya ba shi ne amincewa bayan an riga an tafi. Doka ba ta ba shugaban makaranta ikon ba da izini a baya ba. Wanda ya tafi bai nema ba, ko da dalilinsa ya fi na kowa ƙarfi, ya rufe wa kansa wannan ƙofar. Na roƙi ganin shugabar makarantar da kaina, aka ce in jira ta gama taron safe. Na zauna a kan benci a barandar da aka lilliƙa zanen yara, ina jin ajin su 'yata suna rera waƙa, hawaye suna zubo mini ba tare da na iya tsayar da su ba.

Shugabar ta karɓe ni da mutunci, ta yi mini ta'aziyya, ta miƙo mini ruwa. Tambayarta ta farko ita ce yaushe za a yi jana'iza. Na ce an yi tun jiya. Ta ɗago ta dube ni, domin a al'adarsu gawa kan yi mako biyu ko fiye kafin a binne, kuma ranar jana'izar ce suka saba ba da izini a kanta. Sai da na yi mata bayani dalla-dalla: mu Musulmi a ranar muke binnewa, abin da ke kai mu gida shi ne zaman makoki da karɓar gaisuwa, da addu'ar uku da ta bakwai, da tsayawa kusa da mahaifiyata wadda ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma ba za ta fita ba. Ta saurara sosai, tana rubutawa. Ta ce tun 2013 aka cire wa shugabannin makarantu damar da suke da ita a da ta ba da hutun iyali har na kwana goma, yanzu sai a yanayi na musamman kawai, kuma ita ce ke yanke ko yanayin ya kai da kuma kwana nawa za a bayar, babu wani adadi da gwamnati ta ƙayyade. Ta nemi shaida. Takardar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba ta fito ba tukuna, don haka yayana ya ɗauki hoton takardar da asibiti suka bayar ya turo ta WhatsApp, na haɗa da tikitin jirgi da ke nuna an saye shi bayan rasuwar. Ta karɓi waɗannan.

Amsa ta zo ta imel da yammacin ranar. An amince da kwana biyar na makaranta ga kowane yaro, za a sa musu harafin C. Duk abin da ya ƙaru a kan haka ba da izini ba ne, kuma idan ya kai zama goma za a miƙa maganar ga kansul, wato ƙaramar hukumar yankinmu. Wannan shi ne ma'aunin da ke aiki a duk Ingila yanzu: zama goma ba izini, wato kwana biyar, a cikin kowane makonni goma na karatu, ko a jere ko a warwatse, kuma makonnin suna iya tsallakawa daga zango zuwa zango. Tikitinmu na dawowa ya wuce kwanakin da aka bayar da kwana bakwai na makaranta. Muka duba mu matso da shi, kuɗin canji na mutum biyar ya ninka tarar sau da yawa, kuma gaskiya ban ga yadda zan ratsa wannan nisa, in sauka Abuja in kama hanyar Katsina, in kwana uku a gaban Hajiya in juyo ba. Mun tafi da saninmu cewa tara na jiranmu. Auta ba ta shiga lissafin ba, domin wajabcin zuwa makaranta yana farawa ne daga zangon da ke bin cikar yaro shekara biyar, ya ƙare a Juma'ar ƙarshe ta watan Yuni na shekarar karatun da ya cika sha shida. Nazire dai mun sanar da su don kada su neme ta.

Akwai abin da shugabar ta ja kunnena a kai wanda ya fi tara tsoratar da ni, kuma shi ne na ga mutanenmu ba su sani ba. Idan aka ba yaro izini, wa'adin ya cika, ya ƙara kwana goma na makaranta bai dawo ba, ko kuma ya yi kwana ashirin a jere ba izini, kuma makaranta da kansul suka yi bincike ba su gano inda yake ba ko suka ga babu alamar zai dawo, ana iya cire sunansa daga rajista gaba ɗaya. A unguwar da makarantu suka cika, gurbin nan take ake ba wani da ke jira. Iyaye su dawo su tarar sai sun sake neman makaranta daga farko, wataƙila a raba wa da ƙanwa, ɗaya nan ɗaya can bayan gari. Niyyata ta farko ita ce in zauna da yaran har addu'ar arba'in. Wannan bayanin ne ya sa na janye. Da na gaya wa Hajiya a Katsina, tana zaune a kan darduma da carbi a hannu, cewa ta yi, "Ki mayar da su karatunsu. Babanku da ya sayar da gona ya kai ku makaranta ba zai so a kore su saboda shi ba. Addu'a daga ko'ina tana isa."

Muna can, a ranar da izinin ya ƙare, imel ya shigo daga ofishin makaranta suna tambayar lafiyar yara da ranar dawowa. Na amsa a ranar, na sake turo hoton tikiti, na kuma ce ga lambar Najeriya idan suna son magana. Duk wanda zai yi irin wannan tafiyar ya tabbatar imel ɗinsa yana buɗewa a can, ya kuma ba su lambar da za ta shiga, domin layin Ingila sau da yawa ba ya aiki ko an cire shi an sa na gida. Muddin suna ji daga gare ka kuma sun san ranar dawowarka, gurbin yaronka yana nan.

Mun dawo a farkon Disamba, yara suka koma aji washegarin saukarmu duk da gajiya. Mako guda bayan haka aka gayyace mu ganawa da jami'ar da ke kula da zuwan ɗalibai. Maigidana ya ɗauki awa biyu daga aiki muka je tare. Ta ajiye mana takarda ɗaya ga kowane yaro, rajistar zangon ce aka buga. Kowace rana tana da gida biyu, ranakun da yaro ya zo an ja ɗan layi a karkace, ɗaya na safe ɗaya na rana. Na bi layin 'yata da yatsa: ga jerin I na ƙarambau, ga C guda goma, sai G guda sha huɗu a jere. Na tambayi ma'anar G, ta ce harafin da ake sa wa yaron da aka tafi da shi hutu ba da izini ba ne. Wannan ya soke ni fiye da kuɗin. Na ce mata mu ba hutu muka je ba, ubana na rasa. Ta sunkuyar da kai ta ce ta sani, kuma ta rubuta hakan a bayanin da za ta tura, amma ko wane harafin rashin izini aka sa lissafin ɗaya ne, zama sha huɗu ya haura goma. Ta ƙara da cewa idan fashi na warwatse ne, yau an zo gobe ba a zo ba, akan fara da zama da iyaye a nemi dalili a ba da taimako, sannan takardar gargaɗi mai wa'adin gyara, kafin a kai ga tara. Amma tafiya guda da aka yi bayan an riga an faɗa wa iyaye a rubuce cewa ba a amince ba, kai tsaye ake turawa. Makaranta ba ta karɓar ko kwabo, kansul ce ke fitar da takardar kuma ita ke karɓar kuɗin.

Daga nan sai jira. Disamba ta wuce shiru, har maigidana ya fara cewa wataƙila sun duba bayanin sun yafe. A cikin Janairu 2025 ambulan huɗu suka faɗo ta ƙofa rana ɗaya, biyu da sunana biyu da sunansa. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don suna jin fam 80 sai su ɗauka kuɗin gida ne gaba ɗaya. Tarar kowane mahaifi ce a kan kowane yaro. Mu biyu, yara biyu, fam 320 idan muka biya cikin kwana 21, fam 640 idan muka wuce. Kowace takarda da lambarta daban, kuma kowacce daban ake biyanta. Na kira lambar kansul da ke jiki, na daɗe a layi ina jin kiɗa kafin wani ya ɗauka. Na tambayi inda ake ɗaukaka ƙara, ya ce babu. Ana janye takardar ne kawai idan an fitar da ita bisa kuskure, misali an aika wa wanda ba shi ne mahaifi ba, ko ranakun da aka lissafa ba daidai ba ne, ko makaranta ta dawo ta ce bai kamata a tura ba. Na tambayi ko za mu iya biya kashi-kashi, ya ce ba sa karɓa. Ya kuma gargaɗe ni cewa rubuta ƙorafi ba ya tsayar da agogo, kwanakin suna ci gaba da tafiya ko ana musayar wasiƙa.

Maigidana ya fusata ƙwarai. Ya ce ba zai biya tara don ya je gaisuwar mutuwar surukinsa ba, a kai shi gaban alƙali ya yi bayani. Na fahimce shi, ni ma zuciyata haka take faɗa. Muka je ofishin Citizens Advice da ke garinmu, inda ake ba da shawara kyauta, wani dattijo mai aikin sa kai ya zauna da mu. Ya buɗe mana sashe na 444 na Dokar Ilimi ta 1996. A ƙarƙashinsa, idan yaro bai halarci makaranta yadda ya kamata ba, mahaifi ya yi laifi, tarar kotu tana iya kai fam 1,000, idan kuma aka tabbatar ya san yaron ba ya zuwa ya ƙyale ba tare da uzuri ba tana iya kai fam 2,500 ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba. Uzurin da doka ta sani kaɗan ne: izinin makaranta, rashin lafiyar yaron ko wani abin da ya hana shi wanda ba makawa, ranar ibada da addinin iyaye ya keɓe, da wasu sharuɗɗa na sufuri. Ya ba mu labarin Jon Platt na tsibirin Isle of Wight, wanda ya tafi da 'yarsa Florida a 2015 ya ƙi biyan tara, yana cewa zuwanta makaranta ya haura kashi 90. Ya yi nasara a ƙaramar kotu da Babbar Kotu, amma a Afrilun 2017 Kotun Ƙoli ta yanke cewa zuwa makaranta yadda ya kamata yana nufin zuwa kamar yadda ka'idar makaranta ta tsara, ba wai yawancin lokaci ba. Aka mayar da shari'ar ƙasa, aka same shi da laifi, aka ɗora masa fam 2,000 kuɗin shari'a. Dattijon ya ce alƙali ba zai sake auna ko shugabar makaranta ta yi adalci wajen ba da kwana biyar ba, abin da zai duba shi ne ko akwai izini a ranakun ko babu. Abin da ya sanyaya jikin maigidana shi ne magana ta ƙarshe: biyan tarar kansul yana rufe maganar ba tare da an rubuta wa mutum laifi ba, hukuncin kotu kuwa hukunci ne, kuma takardun sabunta biza da na neman zama na dindindin suna tambaya a kansa. Ga mai zama da bizar aiki wannan ba abin wasa ba ne. A daren muka shiga shafin kansul da katin banki, muka biya huɗun ɗaya bayan ɗaya, na ajiye rasit ɗin kowanne a imel na kuma buga su a takarda.

Ra'ayina bai sauya ba cewa tsarin bai yi la'akari da mutanen da iyayensu ke wata nahiya ba. Kwana biyar ga wanda gidansu ke tafiyar awa biyu a mota daban ne da kwana biyar ga wanda zai kwana a hanya zuwa da dawowa. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 an fitar da irin waɗannan takardun tara sama da 480,000 a Ingila, kuma kusan tara cikin goma na masu tafiya hutu da yara ne ba da izini ba. Domin su aka tsaurara dokar, mai makoki kuma ya faɗa cikin tarun. Duk da haka na ga abin da fashin ya yi wa ɗana. Ya dawo ya tarar an yi nisa a lissafin ɓangarori, ya yi makonni yana dawowa gida a takure kafin malaminsa ya zaunar da shi a lokacin hutun rana ya cike masa gurbin. Ba zan ce damuwarsu ba ta da tushe ba.

Biyan kuɗin bai kawo ƙarshen lamarin ba, domin akwai ƙidayar shekara uku. Idan aka sake ci wa mahaifi ɗaya tara a kan yaro ɗaya cikin shekara uku daga ta farko, fam 160 ce kai tsaye babu rangwame. A karo na uku ba a ba da takardar tara, sai a duba wani mataki, wanda galibi kotu ce. Saboda haka muka koma lura da ƙananan abubuwan da a da ba ma ɗauka da muhimmanci. Makara ita ce ta farko. Yaron da ya iso bayan an fara kiran suna amma kafin a rufe rajista ana sa masa L, ya makara amma ya zo. Wanda ya iso bayan an rufe, kuma ba a barin rajista a buɗe fiye da minti talatin, U ake sa masa, ana lissafa shi a matsayin fashin zama guda ba izini ko da ya yini a aji. Goma irin wannan a makonni goma sun kai ma'aunin tara. Ga mu masu aikin dare da ke dawowa gida da safe, wannan tarko ne na gaske, sai da muka sake tsara wanda ke kai yara a ranakun da nake duti. Ganin likita ko likitan haƙori kuma M ake sawa idan an nuna saƙon alƙawarin tun kafin ranar, kuma sun fi son a kawo yaro a yi kiran suna sannan a ɗauke shi a dawo da shi.

Sai maganar Sallah, wadda ake yawan tambayata. Doka ta amince da ranar da addini ya keɓe don ibada, harafinta R, kuma ba a cin tara a kanta. Amma ranar Idi kawai ake nufi, ba kwana uku na yawon Sallah ba. Ƙaramar Sallah ta 2025 ta faɗo mana ranar Lahadi 30 ga Maris, wasu masallatan garinmu kuma suka yi Litinin, don haka waɗanda suka bi Litinin ne suka nemi izini. Babbar Sallah ta zo ranar Juma'a 6 ga Yuni. Na rubuta wa makaranta tun mako biyu kafin nan cewa ranar ta dogara da ganin wata, za ta kasance ɗaya daga cikin ranaku biyu, na kuma tabbatar musu da zarar an sanar. Ba a samu wata matsala ba.

Ga wanda rasuwa ko ciwon iyaye ya taso masa a tsakiyar zango, abin da zan ce shi ne ya cike fom kafin ya tafi ko da a ranar tafiyar ne, kuma ya nemi ganin shugaban makaranta ido da ido maimakon ya ajiye takarda a ofis ya wuce. Ya bayyana yadda muke jana'iza da makoki, don yawancinsu ba su sani ba, ya faɗi tsawon hanyar daga filin jirgi zuwa garinsu, tunda a kan abin da aka gaya masa shugaban zai yanke kwanakin. Ya nemi amsa a rubuce, ya ƙirga ranakun da suka rage ba izini kafin ya sayi tikitin dawowa, domin bambancin kwana huɗu da kwana biyar shi ne bambancin wasiƙar gargaɗi da ambulan tara, ko da yake kansul tana da ikon cin tara ƙasa da ma'aunin idan ta ga iyaye sun mayar da abin al'ada. Kada a ce yaro ba shi da lafiya alhali an yi tafiya. Yara suna faɗa wa malamansu inda suka je, kuma idan ofis ya daina yarda da maganarka, ranar da yaron ya kwanta ciwo da gaske sai an nemi shaida. Wanda kuma ke zaune a wajen Ingila ya duba dokar inda yake: a Wales tarar fam 60 ce mai komawa 120, a Scotland babu wannan tsarin takardar tara, ko da yake can ma hukuma na iya ɗaukar mataki a kan iyaye. A cikin Ingilar ma kowace kansul tana da nata kundin ka'idar a shafinta na intanet, kowace makaranta kuma tana wallafa nata tsarin da ranakun hutun shekara tun kafin a shiga, kuma da su muke buɗe kalanda yanzu kafin mu nemi tikitin zuwa ganin Hajiya a dogon hutun ƙarshen Yuli.